Matar da Ta Rasa Ɓarawo a Danginta

Duk wanda ya zo Oatlands neman kakansa a cikin fursunoni, wurin Glenys Veenstra ake tura shi. Tana zama a ɗakin baya na laburaren garin, kusa da wata hita da ba ta taɓa ɗumama kowa ba, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya. Kana ba ta suna, sai ta nutsa cikin kundin mutanen da Ingila ta yi ta lodawa a jirgin ruwa tana jibgewa a nan tsibirin Tasmania, ta fito maka da mutum sukutum: tsayinsa, launin idonsa, jarfar da ke damtsensa, abin da ya sata, bulalar da ya sha, da ranar da ya zagi mai gadi. Hukumar wancan zamani ba ta ɓata tawadarta a kan mutanen kirki ba. Sun zo, sun yi kiwon tumaki, sun mutu, ba wanda ya san ko dogaye ne ko gajeru. Amma wanda ya zare hankici daga aljihun wani a Landan, har tabon gwiwarsa an adana wa jikokinsa.

Mutane kan fita daga ɗakin nan suna share hawayen murna. An taɓa ganin wani tsohon manajan banki ya rungume ta don ta tabbatar masa kakan kakansa ɓarawon agwagi ne.

Da ƙuruciyarta ba haka abin yake ba. A lokacin, gidan da yake da irin wannan kaka cewa yake yi marigayin ma'aikacin gwamnati ne, kuma ba ƙarya suka yi ba, don ya fasa wa gwamnati duwatsu shekara da shekaru. Mahaifiyar Glenys kuwa, Enid Tapscott, ba ta zuba wa baƙo shayi ba tare da ta sanar da shi cewa su Tapscott da ƙafarsu suka hau jirgi ba, ba wanda ya ingiza ƙeyarsu. Allah ya ɗauki ranta kafin ta ga yadda duniya ta juya, har abin da take tinƙaho da shi ya zama abin da ake yi wa 'yarta jaje a kai.

Don a garin akwai ƙungiyar Jikokin Sarƙa, kuma ita ce ƙungiyar da kowa yake so ya shiga. Marigayiya Uwargida Burrill ce ta kafa ta. Nata kakan shi ma da ƙafarsa ya zo, sai da ya iso ne ya gano yana da sha'awar aladun maƙwabta har aka kulle shi, saboda haka da ta zo rubuta ƙa'ida sai ta buɗe ƙofar daidai faɗinsa: ɗan ƙungiya shi ne duk wanda ya fito daga tsatson mutumin da aka taɓa kullewa a wani gidan yari na tsibirin nan, in har akwai shaidar hukuma. Kowace shekara, a tsakiyar sanyin Yuli, suna cin abincin rana a zauren coci. 'Yan ƙungiya suna zama a dogon tebur. Kafin gasasshen rago ya fito, ana ajiye wa kowa kwanon kunu tsararo irin na fursuna. Sabbin shiga sukan miƙe ɗaya bayan ɗaya su karanta siffar kakansu, in an gama sai kowa ya juya ga wata kujera da ake bari ba kowa a kan tebur, da bargo a kanta da kofin gwangwani a gabanta, a ɗaga cokali a ce, "Wurinka yana nan." Mazan 'yan ƙungiya da matansu da masu taimako kuwa suna da ƙaramin teburinsu a bakin ƙofar kicin, inda iska take shigowa.

Glenys ce take dama kunun. Ita ce kuma mai tantance duk wanda ya ce yana da kaka a kundi, kuma ba ta san alfarma ba. Ta taɓa mayar da matar shugaban ƙaramar hukuma gida da takardunta a hannu. Fiye da rabin mutanen dogon tebur ita ta nemo musu kujerunsu. Ita kanta a bakin ƙofar kicin take zama, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta zauna a dogon teburin nan ko sau ɗaya ne.

Ba wai ba ta nema ba. Ta bi danginta reshe reshe, na uwa da na uba, kamar mai tsefe kai. Ta samu fasto guda, malaman makaranta biyu, wani akawun kwastan da aka yaba wa gaskiyarsa a jarida, da wata mata da ta kafa ƙungiyar hana shan giya. Ta samu ɗan sanda ma, amma wannan ba ta cika ambatonsa ba. Bayan wannan rashin sa'a kuma ta je ta auri Henk Veenstra, wanda iyayensa suka zo da shi daga Holan yana jariri, dangin da ko ajiye mota a inda aka hana ba su taɓa yi ba. Henk makanikin injin askin tumaki ne, mutum mai ƙarancin magana. In ta dawo daga laburare rai a ɓace, yakan ce mata in dai ɓarawo take so, shi a shirye yake ya fara, ta dai faɗi abin da gidan ya rasa.

Akwai wani abu guda da ya faru da Glenys tana budurwa, lokacin tana aiki a gidan waya, wanda ita ba ta lissafa shi cikin komai. Shekarar da aka yi rigimar madatsar ruwa a kogin yamma, ƙanenta Colin ya ajiye karatu ya tafi tare motocin tono da abokansa masu gemu. Enid ta cika gwangwani da kek, ta haɗa da busasshiyar safa, ta ce wa Glenys ta je ta kamo kunnensa ta dawo da shi. Glenys ta isa bakin kogin daidai lokacin da 'yan sanda suke kwashe mutane. Colin ya riga ya bar wurin tun jiya, ya bi wata yarinya zuwa Strahan. Ita kuwa ta tsallaka wata igiya don ta tambayi ɗan sanda ko ya ga wani dogon yaro mai jajayen kunnuwa, ashe igiyar nan ita ce iyakar doka. A kotu alƙali ya ce duk wanda ya sa hannu a takardar beli ya kama gabansa. Glenys ta zauna ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta ga an rubuta wai ta zo ne don ta hana aiki. Ta ce ita kek ta kawo, kuma ma'aikaciyar gidan waya ba ta sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Sai aka sa ta a bas tare da masu taurin kai, zuwa gidan yarin da ke kusa da Hobart, inda ta yi 'yan kwanaki kafin a gaji da su duka a sallame su.

Enid ta shaida wa gari cewa Glenys ta tafi Melbourne jinyar goggonta. A makon ne jarida ta buga hoton kamen a shafin farko, ga Glenys a tsakiya, rungume da gwangwaninta. Mutanen Oatlands, da yake suna da tarbiyya, suka yi ta zuwa gidan waya suna tambayarta jikin goggo. Har yau akwai tsofaffin da in sun gamu da ita a kanti sukan tambaya. Ita kuwa a wurinta abin da ya faru kuskuren ofis ne, kuma ta ajiye shi inda ake ajiye irin wannan.

A bana idanunta suka fara gazawa. Tsohon rubutun hannu ya koma mata kamar sawun tururuwa, likitan ido ya ce ta zaɓa tsakanin kundin fursunoni da fuskokin jikokinta. Ta sanar da kwamiti cewa daga abincin Yuli ta ajiye aiki. Kowa ya gane abin da wannan yake nufi: in ba ta hau dogon tebur bana ba, shi ke nan.

Shugaban ƙungiya, Lyle Dunkerley, tsohon likitan haƙori ne, mai fursunoni bakwai a danginsa, kuma yana maƙala lamba bakwai a ƙirjin kwat ɗinsa don kada wani ya manta. Mutumin kirki ne duk da haka. Ya same ta a ɗakin baya, ya rufe ƙofa, ya rage murya kamar zai gaya mata haƙorinta ya ruɓe. Ya ce ya ci karo da wani William Tapscott, ɓarawon sirdi, wanda ya yi aikin hanya a nan kusa, wajen Jericho. Suna ɗaya, yanki ɗaya.

"Wa zai bincika, Malama Glenys? Ai ke ce mai binciken."

Glenys ta cire tabarau na hanci ta sa na wuya. Ta ce masa ta san William tun kafin shi Likita ya san yana da ko kaka ɗaya. Jan gashi, ɗan yatsa guda ya guntule, ya gudu sau biyu an kamo shi. Ta yi shekaru tana zagayensa kamar mai neman aure. Amma William ya mutu a asibitin fursunoni bai yi aure ba, bai bar ko kyanwa ba, kuma ita da kanta ta tono takardar mutuwarsa, ranar da ta koma gida ta kasa cin abinci.

"To mu ba ki kujerar girmamawa mana."

"Likita, matar shugaban ƙaramar hukuma har yau ba ta gaishe ni a coci. In na zauna a teburin nan ba shaida, da wane ido zan dube ta?"

Ya tattara lambobinsa ya fita.

Ranar Lahadi 'yarsu Kerryn ta zo daga Launceston, inda take aikin likitan dabbobi. Ana cikin cin abinci ta ce, kamar mai neman a miƙo mata dankali, tana so ta shiga Jikokin Sarƙa bana. Glenys ta yi dariya, ta tambaye ta ta wajen wa, faston ko mai hana shan giya.

"Ta wajenki, Mama."

Henk ya duƙufa a kan namansa kamar an ba shi aikin gyara shi.

Glenys ta ce wannan shirme ne, ƙungiyar ta mutanen da ce. Kerryn ta ce ta karanto mata inda ƙa'ida ta ce mutanen da. Glenys ta san ƙa'idar nan da ka, ta bi ta a zuciyarta daga farko har ƙarshe, ba ta samu wurin ba. Sai ta ce ai nata ba ɗauri ba ne, kuskure ne aka yi.

"Mama, duk mutanen da kika nemo wa jama'a, da aka kai su gaban alƙali, me suka ce?"

Glenys ta karanta bayanan shari'a sun fi a ƙirga, kuma da wuya ta tuna mutum guda da bai ce kuskure aka yi ba.

"Wannan aikinka ne, tsoho," ta ce wa Henk.

Henk ya ce shi fa makanike ne, ƙa'idar dai ya ga an manna a bangon zaure, kuma shekara da shekaru yana zaune a bakin ƙofar kicin ba abin karantawa sai ita.

Saura shaidar hukuma, kuma Glenys ba za ta karɓi hoton jarida daga hannun kowa ba, balle daga 'yarta. Ta hau bas zuwa Hobart, ta je ofishin da ake neman irin waɗannan takardu, wurin da ta san kowane lungu nasa, amma ba ta taɓa zuwa neman mai rai ba. Ma'aikaciyar da ke kan teburin karɓar baƙi sabuwa ce, ba ta san ta ba. Ta tambaye ta mene ne dangantakarta da fursunar.

"Mun daɗe tare," in ji Glenys, ta miƙa katin shaidarta.

Da aka kawo takardar, sai da ta haɗa tabarau biyun a hanci. Shafi ɗaya ne, da keken rubutu aka buga. Glenys Ann Tapscott. Ido ruwan toka. Gashi baƙi mai tsawo. Tabon ƙunar dutsen guga a wuyan hannun hagu. Kayan da aka karɓa: safa ƙafa biyu, gwangwani ɗaya, ba komai a ciki. A wurin hali an rubuta cewa ba ta da fitina, amma tana da yawan gyara wa gandirobobi aiki.

Abu na farko da ta lura da shi, an rage mata tsawo. Na biyu, gwangwanin a cike yake lokacin da ta miƙa shi. Daga nan ta juya hannunta na hagu ta dubi tabon, wanda ya dusashe har ta manta da shi, ta daɗe tana dubansa. Ba wanda ya taɓa rubuta launin idon faston nan, ko na mahaifiyarta. Amma wata rana wani ya tsaya ya dubi wata budurwa mai baƙin gashi da kyau, ya rubuta abin da ya gani, aka ajiye. Ta fito da hankici. Ma'aikaciyar ta matso ta ce mata a hankali kada ta damu, kowa haka yake yi in ya samu nasa.

Ta tantance Kerryn kamar yadda take tantance kowa, ta sa hannu. Kwamiti ya yi murna, wani ya ce to ai shi ke nan, Glenys ta samu kujera. Glenys ta ce sam. Dogon tebur na jikoki ne, ita kuwa ba jikar kowa ba ce sai mutanen kirki. Kerryn ce ta shiga. Ita tana nan inda take. Likita Dunkerley ya ce a ransa ya fi son haka, don a fahimtarsa mutuncin kaka shi ne ya kasance ya rasu.

Ranar abincin ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Glenys ta dama kununta kamar kullum, ba gishiri ba sukari, yadda wani tsohon littafin gidan yari ya ce a yi, ta zauna kusa da Henk tana yanka burodi. Sabbin shiga uku ne. Na farko ya karanta wani ɓarawon agogo, ta biyu ta karanta wata mata da ta ƙona rumbun maigidanta. Kowanne aka gama, cokula suka tashi zuwa ga kujerar bargo.

Kerryn ta miƙe ta karanta nata. Da ta zo kan gwangwani, wani tsoho a ƙarshen tebur ya ce shi ya san wanda ya ci kek ɗin, surukinsa ne da yake gandiroba a can, kuma har ya mutu yana yabonsa. Da ta zo kan gyara wa gandirobobi aiki, dariya ta hana ta ƙarasawa. Sai lokacin ɗaga cokali ya yi, nan fa aka samu matsala. Rabin tebur suka juya ga kujera, rabi suka juya ga ƙofar kicin. Waɗanda suka juya ga kujera suka ji kunya suka juyo, waɗanda suka juya ga kicin suka tuna al'ada suka koma. Kunu ya fara ɗiga a kan ƙyallen tebur.

Likita Dunkerley mutum ne da ba ya jure ganin abu a karkace, shi ya sa ya yi suna a aikinsa. Ya ƙwanƙwasa kofi, ya ce kafin mai tantancewa ta ajiye aiki, kwamiti yana neman hukuncinta na ƙarshe. Wannan kujera ta wace ce?

Glenys ta ajiye wuƙar burodi. Ta ce ta kakannin da aka tabbatar da shaidarsu ce.

"An ce sai matattu?"

Ta bi ƙa'idar a zuciyarta, leɓɓanta suna motsi. Ta ce ba a ce ba. Uwargida Burrill dai ba ta yi zaton wani zai amsa gayyata ba ne.

"To, Kaka," in ji Likita, ya ja kujerar baya, "kin bar mu da cokali a sama."

Ta cire ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke, ta ba Henk. Ta ratsa zauren ba gaggawa. Kujerar da ba a taɓa zama a kanta ba ashe ƙafarta ɗaya gajeruwa ce, sai da Henk ya biyo ta da guntun kwali ya cusa a ƙasa, ya koma wurinsa. Kerryn ta yafa mata bargon, wanda yake warin kafur. Daga nan aka ɗaga cokula, a karon farko duk gefe guda, aka ce mata wurinta yana nan, ita kuma ta ce ta gani.

Tsohon nan na ƙarshen tebur ya leƙo ya tambaye ta jikin goggo. Ta ce da sauƙi sosai, ta gode.

Aka zuba mata kunu a kofin gwangwani. Matar da kakarta ta ƙona rumbu ta ce, tun da yau Allah ya kawo musu wadda ta ci na ainihi, ta gaya musu gaskiya, haka yake? Glenys ta kurɓa, ta juya shi a baki, irin yadda take yi wa takardar da take shakka.

"Na can ya fi wannan," ta ce. "Su suna sa gishiri."

Ta duba dama ta duba hagu, ba gishiri a dogon tebur. A ƙaramin teburin bakin kicin aka saba ajiye shi, kusa da inda take zama. Likita Dunkerley, mai fursunoni bakwai, ya tashi da lambobinsa suna kaɗawa, ya je ya ɗauko mata.